Maleriya da Taifot, In Ji Mu Duka

A Tudun Wadar Zariya, sunan da za a raɗa wa ciwon kanka ya danganta da ƙofar da ka fara shiga. In kemis ka nufa, maleriya ce. In ɗakin gwaji ne, a ƙara maka da taifot. Mai shagon tabarau ya ce idonka ne, wanda ya ɗaura maka abin awo a damtse ya ce jini ne ya hau, wanzami ya ce mataccen jini ne ya taru a ƙeya sai an yi ƙaho, tsohuwar gidanku kuwa ta ce iska ce, a nemo tofi. Na daɗe ina ba da wannan labari cikin raha, ina nuna cewa mu da muka yi karatun asibiti mun wuce irin wannan kame-kame. Abin da ya rufe mini baki rubutun hannuna ne.

Unguwar nan ba baƙuwar likitoci ba ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya shekara da yawa a Tudun Wada kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, ya bar bayansa da jerin kemis-kemis da ɗakunan gwaji da ƙananan asibitoci masu zaman kansu. A ɗaya daga cikin waɗannan ƙanana na yi aiki. Ba zan ambaci sunansa ba, don laifin da zan faɗa nawa ne.

Akwai wata mata mai ɗinki, shekarunta sun doshi arba'in, da katinta ya yi kauri har ana liƙa masa ƙarin takardu. In ka buɗe, rubutun hannu iri-iri ne, na wanda ya bar aiki da na wanda yake nan, amma magana ɗaya ce ake maimaitawa: ciwon kai, kasala, maleriya da taifot. Rubutuna ya fi na kowa yawa a ciki. Takan shigo ta zauna a bakin kujera, mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta ce, "Likita, kan ne dai." Ni kuma ga layi har waje. In duba abin da aka rubuta a baya, in tura ta gwaji, takarda ta dawo da ɗan abin da za a riƙe, in rubuta maganin maleriya da na taifot. Bayan kwana biyu ko uku ta warware. In ta dawo ta yi godiya, ni kuma in ji daɗi a raina cewa maganin ya karɓe ta.

Maganin bai yi komai ba. Ciwon ɓarin kai ne ke damunta, shi kuwa in ya taso yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 ya lafa da kansa, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Ladan da nake karɓa na lokaci ne, ba nawa ba.

Da a nan na tsaya, da sai a ce ɓarnar kuɗi ce da ɗura wa baiwar Allah ƙwayoyin da ba ta bukata. Amma na ƙara da wata shawara da na ɗauka tausayi ce. Na ce mata, "Hajiya, ki riƙa ajiye maganin ciwon kai a kusa, da kin ji alamar zai taso ki sha, kada ki bari ya yi ƙarfi." Ban faɗa mata iyaka ba. Ban ce kwana nawa a wata ba. Ita kuwa mace ce mai bin maganar likita.

Wadda ta tona asirin wata yarinya ce likita da aka turo mana bautar ƙasa, wadda a shekaru ƙanwar ƙanwata ce. Matar ta faɗo a ranar aikinta. Maimakon ta tambaye ta sau nawa kan ke ciwo, sai ta juya tambayar: "Hajiya, a wata guda, kwana nawa ne kike tashi kanki garau, babu ko ɗan nauyi?" Matar ta yi shiru tana lissafi da yatsu, ta ce ba su wuce biyar ko shida ba. Likitar ta ce ta je gida ta kwaso duk abin da take sha. Ta dawo da baƙar leda, aka zazzage a kan tebur: katin farasitamol da aka ɓare rabi, ibufurofen, wata ƙwaya mai haɗi da sinadarin kafin da ake sayarwa ɗaiɗai a kemis, ragowar maganin taifot ɗin da na rubuta, da wani ƙullin gari da maƙwabciya ta ba ta. Ɗaya a jaka, ɗaya a aljihun keken ɗinki, ɗaya ƙarƙashin filo. Kusan kullum sai ta sha, wani lokaci tun kafin ciwon ya zo, don tsoron kada ya ɓata mata ɗinkin biki.

Da likitar ta kawo mini katin, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne ya fi ba ni kunya yau. Na ce mata mu da yawa muka ga matar nan, kuma bakinmu ya zo ɗaya, ai ba za mu taru a kan ɓata ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai na duba katin daga farko har ƙarshe, ban ga ranar da aka rubuta jikinta ya yi zafi ba." Na karɓa na duba. Babu. Shekaru muna yi wa mace maganin zazzaɓi iri biyu, ma'aunin zafi bai taɓa nuna tana da zazzaɓi ba.

Hujjar da na kawo ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce hujjar da yawancinmu ke fakewa da ita. Haɗuwar baki ba shaida ba ce sai in kowa ya duba da idonsa. Mu kuwa na biyu ya kwafi na farko ne, na uku ya kwafi na biyu. Ko da ba kwafa, akwai wata matsalar ta lissafi. Ɗauki likitoci biyu da kowannensu ke rubuta maleriya ga tara cikin goma na masu ciwon kai ba tare da ya ɗaga kai ya kalle su ba. In ka gwada katunansu za ka tarar sun dace a kan marasa lafiya 82 cikin 100, alhali babu wanda ya duba kowa. Saboda irin wannan ne wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, Jacob Cohen, ya fito da wani ma'auni a 1960 wanda ke cire dacewar da sa'a kaɗai kan haifar, ya bar ta gaskiya. Da an auna mu da shi, da ba mu tsira da komai ba. Masu awo biyu da ke amfani da lotsattsen mudu ɗaya ba za su taɓa saɓawa ba, kuma duk wanda ya saya a wurinsu an tauye shi.

Takardar gwajin da muke jingina da ita ma ba ta da ƙarfin da muke ba ta. Gwajin Widal tun 1896 wani likitan Faransa, Georges-Fernand Widal, ya ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa yake aunawa. Wanda ya tashi a gari irin namu, ya sha ruwan rijiya da na 'yan garuwa tun yana yaro, ba abin mamaki ba ne a ga alamar a jininsa yana lafiya lau, kuma maleriya kanta takan sa gwajin ya nuna abin da babu. Haka gwajin maleriya na gaggawa, yakan ci gaba da nuna alama har makonni bayan an warke, ga shi manya da yawa a ƙasar sauro suna yawo da ƙwayar a jininsu ba tare da ta kwantar da su ba. Wato in kana neman dalilin rubuta maleriya da taifot, ɗakin gwaji ba zai cika ba ka kunya ba.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ruɗu ba. Likitocin Turai da Amurka sun daɗe kowa na kiran ciwon kai da sunan da malaminsa ya koya masa. A 1962 wani kwamiti a Amurka ya yi ƙoƙarin tsara nau'o'in, amma bayaninsa cike yake da "galibi" da "wani lokaci", ta yadda likitoci biyu za su karanta shafi ɗaya su fito da hukunci biyu. Sai a 1988 Ƙungiyar Masana Ciwon Kai ta Duniya, ƙarƙashin kwamitin da Farfesa Jes Olesen na ƙasar Denmak ya jagoranta, ta fitar da kundin da ya mayar da bayani zuwa sharuɗɗan da ake ƙirgawa. An sake shi a 2004, aka fitar da na uku a 2018, yana ɗauke da nau'o'i sama da 200 a babi 14. Babu mai bukatar haddace su duka a asibiti irin namu. Uku ko huɗu ne ke cika layi.

Sharuɗɗan ciwon ɓarin kai ga yadda suke. Ya taso aƙalla sau 5. Kowane tashi ya ɗauki awa 4 zuwa 72. A sami biyu cikin abubuwa huɗu: gefe ɗaya, sarawa kamar bugun jijiya, tsananin da ke hana sukuni, da ƙaruwa in an yi motsi na yau da kullum kamar hawa bene ko sunkuyo. Sannan ko dai tashin zuciya ko amai, ko kuma ƙin haske da ƙin hayaniya a haɗe. Matar nan tana da su duka. Tun tana budurwa take shiga ɗaki ta sauke labule in ya taso, sujada takan gagare ta don kan kamar zai faɗo, ƙarar injin nika na maƙwabta kuwa har amai yake sa ta. Mahaifiyarta ma haka take. Duk wannan yana bakinta, ba a dai tambaya ba. Ɗaya nau'in da ya fi yawa a cikin jama'a shi ne mai ɗaure kai gefe biyu, ba ya sarawa, ba ya sa amai, ba ya ƙaruwa da motsi, yana iya ɗaukar minti 30 har zuwa kwana 7, mai shi yana ci gaba da harkarsa yana ɓata rai.

Sai wanda ni na jawo mata. Kundin ya ware masa gurbi: mutumin da dama yana da ciwon kai, ya koma yana fama da shi kwana 15 ko fiye a wata, kuma ya wuce wata 3 yana yawan shan maganin kashe zafi. Iyakar ita ce kwana 15 a wata ga irin su farasitamol da ibufurofen, kwana 10 kacal ga masu haɗi da kafin ko kodin, da tiramol, da ƙwayoyin agotamin. Kwanakin da aka sha ake ƙirgawa, ba yawan ƙwayoyin ba. Maganin da kansa yake zama mai raya ciwon: yana sakin jiki kan ya dawo, a sake sha. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan ciwon kai a 2011, an ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 ne kawai na masu wannan nau'in ke samun wanda ya gane shi, kuma a matsakaicin lissafi awa 4 ake ware wa ciwon kai a duk karatun likita na farko. Na tuna nawa awannin. Yawancinsu a kan ƙari a ƙwaƙwalwa muka ɓatar da su, abin da ba kasafai yake shigowa ƙofarmu ba.

An daina rubuta mata maganin zazzaɓi, aka ce ta ajiye abin da ke cikin ledar. Ni na zauna na yi mata bayani, don ni na ɗaura. Na ce, "Hajiya, ki yafe ni, shawarar da na ba ki ita ta ƙara miki ciwo." Ta ce, "Haba likita, ai ba da gangan ba ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Makonnin farko sun yi mata tsanani ƙwarai, kamar yadda aka gargaɗe ta, har maigidanta ya zo da faɗa yana cewa an hana matarsa magani. Aka sa ta a kan ƙaramin awo na amitiriftilin da dare don rigakafi, shi ma sai da aka sha fama, don wani a kemis ya gaya mata maganin masu taɓin hankali ne. 'Yarta ke yi mata alama a kalandar bango, gicciye ranar ciwo, da'ira ranar da ta sha wani abu. Ba ta rabu da ciwon ɓarin kai ba, ba a cika rabuwa da shi ba, amma ya koma zuwa yana tafiya kamar da, kuma kalandar ta nuna yawancinsa a bakin al'adarta yake zuwa.

Bayan haka na so in san ko ni kaɗai ne. Muka shirya wani ɗan gwaji tsakaninmu: a karanta labarin mara lafiya daga tsohon kati, a ɓoye abin da aka rubuta a ƙasa, kowa ya rubuta nasa a takarda ya ninke. An kuma ce babu maleriya babu taifot sai in akwai zazzaɓi. Da aka cire mana wannan mafaka, sai muka watse. Labari ɗaya, wani ya ce gajiya, wani ya ce tunani, wani hawan jini, wani ciwon kogon hanci. Ni da nake taƙama da haɗuwar baki na ga cewa babu abin da ya haɗa mu sai al'ada.

Da muka bi diddigin saɓanin, ba a wurin hukunci yake farawa ba, a wurin tambaya ne. Wannan ya tambayi gefe bai tambayi tsawon lokaci ba. Wancan yana ganin in ciwon ya kama kai duka to ba ɓarin kai ba ne, alhali gefe ɗaya sharaɗi ne guda cikin huɗu, kuma masu shi da yawa gefe biyu yake kama su. Wani in ya tambaya "haske yana damunki?" aka ce a'a sai ya wuce, amma da zai ce "in ya taso ina kike zuwa?" da an ce masa ɗaki mai duhu. Masu cewa hawan jini kuwa awo suke yi a tsakiyar ciwo, lokacin da zafi da fargaba sun riga sun ɗaga shi. Kundin bai yarda hawan jini matsakaici na kullum yana jawo ciwon kai ba, sai ya yi tsalle ya kai wajen 180 a sama ko 120 a ƙasa. Mafi muni, katunan namu suna ne kawai a ciki. Wanda ya zo bayanka ba shi da abin da zai auna hukuncinka da shi, dole ko ya bi ka ko ya yi nasa kame-kamen.

Gyaran da muka yi ƙarami ne. Mun yi hatimi na roba mai tambayoyi shida da ake bugawa a katin duk mai ciwon kai: tun yaushe, awa nawa yake ɗauka, ina ne kuma yaya yake ji, me ke rakiyarsa, kwana nawa a wata, kwana nawa ake shan magani. A rubuta amsar kafin a rubuta suna. Akwai ta bakwai ga mata, ko suna ganin walƙiya ko zane-zane na rawa a ido na minti 5 zuwa 60 kafin kan ya fara. Wannan ba ƙawa ba ce: mai irin wannan alamar ba a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ma'aikaciyar da ke raba ƙwayar a ɗaki na gaba katinmu take dubawa.

Ban ce kundin ya kashe gardama ba. Shi kansa ya bar gurbin "mai yiwuwa" ga wanda ya cika sharuɗɗa saura ɗaya, kuma a nan har gobe muna saɓawa. Irin wannan saɓanin ba ya tayar mini da hankali, tunda kowa yana iya nuna layin da ya tsaya a kai. Inda ba mu yarda a saɓa ba shi ne alamun haɗari: ciwon da ya faɗo kamar aradu ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti guda, ciwo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, sabon ciwo ga wanda ya wuce 50, ciwo da raunin hannu ko karkacewar baki ko farfaɗiya, da ciwon kan mai tsohon ciki. Waɗannan ba a tsayawa neman suna, mota ake nema zuwa Shika. Duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, yawancinsu a Arewa, ba ya bukatar a tuna masa abin da zazzaɓi da ciwon kai ke iya zama a watannin zafi. Tsorona shi ne hannun da ya saba rubuta maleriya ba tare da dubawa ba, ranar da sanƙarau ya zo ma abin da zai rubuta ke nan.

Abin da hatimi bai iya gyarawa ba shi ne kasuwa. Mara lafiya da ya biya kuɗin kati yana son a ɗebi jininsa, a yi masa allura, in da hali a ɗaura masa ruwa. In ka sallame shi da tambayoyi da kalanda, wani sai ya tsallaka titi inda za a ba shi taifot ɗinsa a rubuce. Ƙaramin asibiti kuma da kuɗin gwaji da na magani yake biyan albashi, minti goma na sauraro ba shi da rasit. Wani abokin aikina ya faɗa mini haka ƙarara, ban kuma iya ƙaryata shi ba.

Gardamar da ta fi daɗewa tsakaninmu ta watan azumi ce. Dattijo ya zo a kwanakin farko na Ramadan, kai na ciwo daga azahar, yana sha ruwa ya sake shi. Kundin yana da gurbin ciwon kan yunwa, ga wanda ya yi aƙalla awa 8 bai ci ba. Yana da wani gurbin daban na yanke kafin, ga wanda ya saba da shi kullum ya daina kwatsam, kuma dattijon nan goro, wanda ke ɗauke da kafin, ba ya barin bakinsa sai barci. Rashin abinci da rashin barci kuma suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon ɓarin kai ga mai shi. Ni nakan karkata ga goro, likitar da ta gaji 'yar bautar ƙasar nan takan ce yunwa. Mun yi yarjejeniya cewa duk wanda dattijon ya faɗo a hannunsa ya rubuta goro nawa yake ci a rana, da ƙarfe nawa kan ke farawa, da ko ciwon yana kaiwa goman ƙarshe, mu ga abin da katin baɗi zai nuna.